Fiya wata, gora, dispensa ko randa: wanne ya dace da wurin sana'arka?

Duk mai mutane a ƙarƙashinsa, shagon ɗinki ne, ko garejin kanikawa, ko islamiyya, ko ƙaramin ofis, ya san ruwan sha yana cikin kuɗaɗen da ke zurarewa kullum ba tare da an rubuta su ba. A ce kana da mutum 10, kowa yana shan lita 2 a wunin aiki, wanda a bazara ma kaɗan ne. Lita 20 ke nan. Ledar fiya wata rabin lita take ɗauka, jaka guda kuma leda 20 ce, wato jaka 2 a rana, leda 40. A kwana 26 na aiki ka tara leda 1,040, a shekara sun haura 12,000. Shago ɗaya ke nan a layi ɗaya. Waɗannan ledojin ba ɓacewa suke ba: wasu lambatu, wasu cikin tumaki da awakin unguwa, wasu kuma wutar da ake cinna wa bola da magariba.

Mai son rage wannan yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya ci gaba da fiya wata amma ya gyara yadda yake yi da ledar, ya koma ruwan gora, ya sayi dispensa (na'urar da ake kifa wa babbar gorar ruwa a riƙa tara a famfonta), ko ya riƙa tsabtace ruwa da kansa ya zuba a randa ko bokiti mai famfo. Kowacce tana da inda take cin riba da inda take cutarwa.

Abin da za a auna su da shi

Na farko kuɗi, kuma a nan ne aka fi ruɗar kai. Farashi yana bambanta daga Kano zuwa Maraɗi, yana kuma sauyawa tsakanin damina da bazara, saboda haka kada ka kwatanta jaka da katan ko jarka. Mayar da komai kuɗin lita ɗaya. Kuɗin jakar fiya wata ka raba shi 10. Katan na gora 12 mai santilita 75 ka raba 9. Babbar gorar dispensa lita 18.9 ce, ka raba 19. Jarkar ɗan garuwa ka raba da abin da take ci, 20 ko 25. Sannan ka ware kuɗin da za ka kashe sau ɗaya a farko daga wanda zai riƙa fita kullum.

Na biyu ƙarko: me zai lalace, yaushe, kuma wa zai gyara. Na uku wahala, domin tsarin da yake buƙatar mutum ya tuna da shi kowace safiya yana iya mutuwa cikin mako biyu. Na huɗu haɗarin lafiya, kuma wannan ba abin wasa ba ne. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Duk hanyar rage shara da za ta jawo amai da gudawa ba ta da amfani. Na biyar shi ne sharar kanta: nawa ce, kuma akwai mai saye ko babu.

Fiya wata

Ba a banza ta ci kasuwa ba. Ba ta buƙatar jari, ba ta buƙatar wanke komai, yaro ya ruga shagon kusa ya dawo da ita da sanyinta. Kowa da tasa ledar, ba a haɗa baki a kofi ɗaya. A cikin ruwan da aka rufe a masana'anta, ita ce mafi arha a lita, kuma a mafi yawan wurare ta fi ruwan dispensa sauƙi. Wanda ya ce maka barin fiya wata ya koma dispensa zai rage kuɗi, ka ce masa ya kawo lissafi.

Amma akwai asarar da ba a gani. Leda idan an huda ta ba a rufewa. Mutum ya kurɓi rabi, waya ta yi ƙara ko kwastoma ya shigo, ya jingine ta a jikin keke, ta tuntsure, ko ta yi zafi ya yar ya ɗauki wata. Ka duba ƙasan shagonka da yamma za ka ga ledoji nawa ne da sauran ruwa a ciki. Da ita ake wanke hannu, da ita ake alwala idan buta ta yi nisa. Don haka kuɗin litar da ta shiga ciki ya fi wanda ka lissafa a takarda.

Ta fuskar lafiya, amincinta yana ga masana'antar da ta yi ta. Ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da aka yi ta, ka kuma tsaya wa kamfani ɗaya da ka san inda yake, domin ana samun masu buga lambar bogi. Sannan bayan ledar ita ce ke shiga baki, alhali ta bi hannun mai lodi, da bayan mota, da ƙasan shago, da ruwan ƙanƙarar da aka tsoma ta ciki. Jakar da ta wuni a rana kuma ɗanɗanon roba take yi.

Inda ta faɗi warwas shi ne shara. Ledar ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi, iska ke yawo da ita. 'Yan jari bola sun fi son ƙarfe da goran ruwa da dalma, domin sai ka tara buhu guda na ledar kafin sikeli ya motsa. Masu narka roba suna saye a garuruwan da ke da masana'antu irin Kano, amma busasshiya mai tsabta suke so, ba wadda aka tsamo daga kwata ba. Mahauta kuwa sun san dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabba, dabbar da ta yi ta ramewa mai ita yana ta sayen magani. Ƙonawa ma ba mafita ba ce, hayaƙin a huhun maƙwabta yake sauka.

Doka ma ta fara juya wa robar yarwa baya, ko da yake ba a ko'ina ta kai ga fiya wata ba tukuna. Nijar ta yi dokar hana shigowa da sayar da ledoji marasa kauri tun 2014. Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta a watan Yunin 2024. Jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, ta fara tilasta hanin wasu robobin daga 1 ga Yulin 2025, amma ta tsame ledar ruwa da goran ruwa daga ciki. Mai sana'a mai hangen gaba ba zai ɗora dukan tsarinsa kan abin da ake ta zagayensa da doka ba.

Idan dole sai fiya wata, abu ɗaya ke rage ɓarnar: buhu a rataye a bakin ƙofa, kowa ya tsiyaye ledarsa ya jefa. Idan ya cika a kai wa masu saye, ko a ba masu renon itatuwa, waɗanda ke yanke kan ledar su cika ta da ƙasa su shuka iri.

Ruwan gora

Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. Ita ce mafi tsada nesa ba kusa ba, litarta tana ninka ta fiya wata sau da yawa. Mutum 10 ɗin nan za su sha gora 27 a rana. Alherinta biyu ne: tana da murfi, ba a zubar da saura, kuma gorar tana da kasuwa. Masu zoɓo, kunun aya, fura da man gyaɗa suna nema, abin da ya lotse kuma 'yan jari bola su auna. Sai dai sake amfani da ita na ɗan lokaci ne, bakinta ƙarami ne, wanke cikinta da kyau yana da wuya. Ruwan baƙo ne da na tafiya. Wanda ya mayar da shi ruwan ma'aikata na kullum, ko dai kuɗin ba nasa ba ne, ko bai zauna ya lissafa ba.

Dispensa

Babbar gora ɗaya tana maye gurbin leda kusan 38, kuma ba yarwa ake ba. Ka mayar da wadda ta ƙare, kamfani ya wanke ya sake cikawa, haka za ta yi ta zagayawa har ta tsage. A rage shara, cikin ruwan saye babu kamarta.

Kuɗin farko yana da ɗan nauyi: na'urar kanta, da kuɗin goran da za ka fara da su. Biyu ba sa isa ga mutum 10, domin suna shanye fiye da guda a rana. Ka nemi uku ko huɗu, don ranar da motar kamfani ba ta zo ba. Wannan shi ne babban rauninta: ka dogara da mai kawowa. A tsakiyar Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai ba matsala ba ce. A ƙaramin gari kuwa ka fara tabbatar da akwai dila kusa kafin ka sayi na'ura, in ba haka ba za ta koma teburin ajiye caja. Gorar cike tana kusan kilo 20, ɗora ta ba aikin ƙaramin yaro ba ne.

Sai wuta. Ɓangaren dumama ruwa shi ke cin lantarki sosai, ya ninka na sanyaya sau da yawa, kuma galibi akwai makunninsa daban a baya. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, a Afrilun 2024, barinsa a kunne dare da rana almubazzaranci ne. Idan wuta ba ta samuwa a layinku, kada ma ka sayi na'urar. Akwai ɗan famfon da ake ɗorawa a kan gorar, na dannawa da hannu ko na caji, kuɗinsa kaɗan ne, ba abin da zai ƙone. Sanyi ne kawai ba za ka samu ba, sai dai ka naɗe gorar da jiƙaƙƙen buhu ka ajiye a inuwa.

Abu biyu ke ɓata ta. Na farko rashin wanki: tankin ciki da bakin famfo suna yin yauƙi idan an bar su wata da watanni, ruwa mai kyau ya shiga ya fito da datti. Na biyu kofunan yarwa. Ofis ya sayi dispensa don rage shara, sannan ya jera fararen kofunan roba a gefe, kowa ya sha ya jefar. An gudu ne ba a tsira ba. Kowane ma'aikaci ya sami kofinsa na silba ko gorarsa mai suna, a ajiye 'yan kofuna na baƙi da ake wankewa.

Ruwan da ka tsabtace da kanka

A nan ne arha take, a nan ne kuma ake buƙatar hankali. Ruwan famfo, na rijiyar burtsatse ko jarkar ɗan garuwa, litarsa ba ta kai ko kusa da ta fiya wata ba. Amma ba ka san inda jarkar ta kwana ba, don haka tsabtacewa wajibi ce. Hanya uku ce.

Tafasawa ta fi kowacce tabbas. Idan ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya, ƙwayoyin cutar kwalara da taifod sun mutu. Sai dai tafasa lita 20 kullum yana cin gawayi ko gas, ga jiran ya huce. Ta dace da mai shayi ko mai abinci da wutarsa ke kunne dama, ba ta dace da shagon ɗinki ba.

Sinadarin kulorin, na ƙwaya irin Aquatabs ko na ruwa irin WaterGuard, shi ya fi sauƙi. A zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalin, a girgiza, a jira minti 30. Yana da fa'idar da tafasawa ba ta da ita: ragowarsa tana zama cikin ruwan tana kare shi na wasu sa'o'i. Sharaɗinsa ruwan ya zama garau. Idan da laka, a bari ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna, domin datti yana cinye ƙarfin maganin. Wasu za su yi ƙorafin wari a kwanakin farko. Idan an haɗa da daddare aka sha da safe, warin yana raguwa ƙwarai.

Ta uku matatar nan mai hawa biyu ta silba ko roba, wadda ke da sandunan tangaran a ciki. Ana zuba ruwa a sama, ya riƙa ɗiga ƙasa, a tara a famfo. Ba wuta, ba magani. Tana da jinkiri, dole a cika ta tun dare, sandunan suna buƙatar gogewa idan ɗigar ta ragu, kuma sandar da ta tsage ko da siririn tsagi ce ta tashi aiki. Tana riƙe laka da yawancin ƙwayoyin cuta, amma lokacin annoba a haɗa mata da kulorin.

Bayan tsabtacewa sai wurin ajiya, kuma a nan yawancin mutane suke ɓata aikinsu. Randa tana da abin da firji ba shi da shi: ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Shi ya sa ta fi aiki a busasshen zafin Maris da Afrilu, lokacin da aka fi bukatarta, ta rage ƙarfi a watan Agusta da iska ke ɗauke da danshi. Wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya faɗaɗa da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Randar da aka girke kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, inda iska ke wucewa, tana shekaru idan ba a buge ta ba, kuma kuɗinta yana komawa hannun maginan tukwane na gida.

Matsalarta moɗa ce. Baki mai faɗi, moɗa ɗaya, kowa ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya kafa kai ya sha, ya mayar ciki ko ya kife a kan faifai inda ƙuda ke sauka. Mutum ɗaya mai gudawa ya isa ya raba wa shago duka. Gyaran ba mai tsada ba ne. Ko a sa magini ya yi randa mai ƙaramin baki da gurbin famfo a ƙasa, ko a sami moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. A haɗa kulorin a cikin jarka, bayan minti 30 a juye a randa. A zubar da kwantan ruwa kafin a zuba sabo, a goge cikin akai-akai da soso na musamman, ba da sabulu mai ƙamshi ba, domin yumɓu yana riƙe wari. Bokiti mai murfi da famfo, irin wanda ya cika gari lokacin korona, ya fi randa tsabta da sauƙin wanki, amma ba ya sanyi, kuma rana tana sa robar ta bushe ta tsage. Wasu sun haɗa biyun: babban kula mai famfo da ƙanƙara guda a ciki, muddin ƙanƙarar a ɗaure take cikin ledarta, domin ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Duk wannan yana tsayuwa ne kan mutum ɗaya. Idan aka ce aikin kowa ne, ranar Laraba ba wanda zai tuna ko an sa magani. A ɗora wa mutum guda da sunansa, a ƙara masa wani abu a kan ladansa. Abin da za ka ba shi ba zai kai kuɗin jaka 52 na wata ba.

| Ma'auni | Fiya wata | Gora | Dispensa | Randa ko bokiti mai famfo |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Babu | Babu | Mai yawa | Kaɗan |
| Kuɗin lita | Matsakaici | Mafi tsada | Sama da fiya wata | Mafi arha |
| Ƙarko | Amfani ɗaya | 'Yan lokuta | Shekaru, da gyara | Shekaru, sai an fasa |
| Wahala | Babu | Babu | Jiran dila, wanki | Aikin kullum |
| Haɗari | Kamfanin bogi, bayan leda | Kaɗan | Tankin da ba a wankewa | Moɗa, mantuwar magani |
| Sharar lita 20 | Leda 40 | Gora 27 | Murfi 1 | Kusan babu |

Wa ya dace da me

Shagon ɗinki, gareji, wurin kafinta ko walda, inda mutanen nan ne dai kullum kuma maigida yana wurin: randa mai famfo da kulorin, kowa da kofinsa. A nan bambancin kuɗin ya fi fitowa, kuma akwai mai sa ido.

Islamiyya da firamare: bokiti ko tanki mai famfo, ba buɗaɗɗiyar randa ba, domin ba za ka iya hana yara ɗari tsoma hannu ba. A nemi iyaye su ba kowane yaro gorarsa, malami ɗaya ya riƙe maganar magani. Kofi ɗaya ɗaure da igiya a jikin tanki ya mayar da hannun agogo baya.

Ofis, kemis, shagon waya da duk inda baƙi ke shiga suna fita, kuma ba wanda zai ɗauki nauyin tsabtace ruwa: dispensa, idan akwai dila kusa. Ka san dai ba don arha ka saya ba, don tsabtar wuri da rage bola ne.

Mai abinci da mai shayi: tafasasshen ruwa ko na matata a jug mai murfi a kan tebur, kyauta ga mai ci a wurin. Fiya wata ta zama ta mai tafiya da abincinsa, da buhun tara leda a gefe.

Biki, suna, walima da zaman makoki su ne mafi wuya, domin taro ne na rana ɗaya kuma mutane suna zargin ruwan da ba a rufe ba. Manyan kuloli masu famfo da kofunan haya suna aiki idan akwai masu wanki. Idan babu, a yi fiya wata, amma a ɗauki yara biyu da buhu tun kafin a fara rabo, a kuma san wanda zai karɓi ledar washegari.

Direba, ɗan kasuwar ƙauye da mai aikin gini da ke sauya wuri kullum: gora mai ƙarko ta lita 2 ko ƙaramar jarka da aka ɗinke da buhu, a cika daga gida. Fiya wata ta zama ta ranar da ruwan ya ƙare a hanya.

Idan kuwa aka ji kwalara ta ɓulla a unguwa, a ajiye moɗa gaba ɗaya ko da mai dogon mariƙi ce. Ruwan randa ya zama tafasasshe ko mai kulorin ba fashi, kuma duk wurin da ba shi da tabbacin za a yi hakan kowace rana ya koma ruwan kamfanin da ya amince da shi har annobar ta lafa.